Tsohuwar kwamfutar Baba: kafin ka ce a yi mata fomat

 Masu cewa data ba ta isar su sauraron murya, to ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau ba ni da baƙo. Ni kaɗai ne, kuma labarin gidanmu zan ba ku.

Akwai wata kwamfuta a ɗakin Baba, irin ta kan tebur ɗin nan mai akwati da allo daban. Ta hannu ya saya tun wajen 2013, lokacin yana koyarwa. Da ya yi ritaya sai amfani da ita ya ragu, ƙarshe Umma ta lulluɓe ta da tsohon zani saboda ƙura, ta zama wurin ɗora carbi da rediyo. To bana ƙanwata za ta zauna JAMB, kuma kun san jarabawar nan a kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai saba riƙe maus ba, ko ya san amsa, hannunsa rawa yake yi a ɗakin jarabawa. Sai ta ce bari ta riƙa gwaji a gida.

Ta yaye zani, ta kunna. Kwamfuta ta ɗau kusan minti biyar kafin ta gama tashi. Ta jona ta da intanet ɗin waya, ta buɗe Chrome, kowane shafi ta shiga sai jan gargaɗi ya fito cewa haɗin ba amintacce ba ne. Ta zo ta same ni ta ce, "Yaya, abar nan fa ta mutu. A kai ta kasuwa a yi mata fomat, a sa mata sabuwar Windows." Wallahi saura kaɗan in ce to. Umma ce daga kicin ta ce, "Ku dai tambayi Babanku, hotunan Hajjinsa suna ciki, da na bikin yayarku." Na je na tambaye shi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ai ba hotuna kaɗai ba ne. Akwai takardun gona da ya sa aka ɗauki hotonsu ya adana, akwai kuma wani rubutu da ya shekara kusan takwas yana yi a kan tarihin ƙauyensu, hirarrakin da ya yi da dattawa, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Na ce, "Baba, kuna da kwafinsa a wani wuri?" Ya ce, "Wane wuri kuma? Ai a cikinta yake."

Kun ji fa. Abin da ba a iya sake samowa, yana zaune a kan faifai guda ɗaya mai shekara fiye da goma, a ƙarƙashin zani.

Ba ina aibata masu gyara ba ne. Mutum yana da kwastoma goma a tsaye, ka ce masa kwamfuta tana nauyi, hanya mafi sauri a wurinsa ita ce ya goge komai ya ɗora sabuwa. Wani zai tambaye ka ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, wani ba zai tambaya ba. Kuma duk abin da ka ajiye a fuskar allo ko a foldar takardu, a ɓangaren C yake, daidai inda ake gogewa. Saboda haka kafin a yi maganar wace manhaja za a ɗora, sai an fara maganar yadda kaya za su fita.

Amma bari in fara da jan gargaɗin nan, don abin ya ba ni dariya. Na duba kusurwar allo sai na ga kwamfutar tana cewa muna cikin Janairun 2012. A jikin babban allon da ke cikin akwatin akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032 sunansa, irin na makullin mota. Shi ke riƙe agogo idan an kashe wuta. In ya mutu, kwanan wata sai ya koma baya. Su kuma shafukan intanet masu tsaro suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, to idan agogonka ya ce 2012 ne, birawuza za ta ga takardar ba ta ma fara aiki ba, sai ta ƙi. Na canza batir, na gyara agogo, rabin shafukan suka buɗe. Don haka in ka ga wannan alamar a tsohuwar kwamfuta, duba agogo tukuna kafin ka kira kowa. Tunda na buɗe akwatin kuma, na ga ƙurar hunturu ta shekaru ta toshe fanka kamar an cusa auduga. Na fitar da ita tsakar gida na kakkaɓe da busasshen buroshi.

Sauran rabin matsalar ita ce ta gaske. Windows 7 ce a kanta. Microsoft ta daina ba Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Chrome ma ya tsaya a lamba 109, wanda ya fito a Janairun 2023, daga nan bai ƙara sabuntawa a Windows 7 ba. Mutane suna jin an ce tallafi ya ƙare sai su ɗauka kwamfutar za ta daina kunnuwa. A'a, za ta ci gaba da kunnuwa lafiya lau. Abin da ya ƙare shi ne, idan ɓarayi suka gano wata sabuwar kafa a katanga, babu mai zuwa ya toshe. Kuma kullum ana gano sababbi.

In ba ku misali da abin da ya taɓa faruwa. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150. Tana kulle fayilolin mutum ta ce sai ya biya kuɗin fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Ta ina ta shiga? Ta tsohuwar hanyar da kwamfutocin Windows ke raba fayil a tsakaninsu, wadda ake kira SMB ta ɗaya. Microsoft ta riga ta fitar da gyaran wannan kafa tun watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. Ku riƙe sunan nan SMB, zan dawo kansa.

To na cire ta daga intanet, na zauna tunanin yadda zan kwashe kaya. Na duba, wajen giga 180 ne, yawanci hotuna da bidiyon biki. Filashina giga 16 ne. In na ce da shi zan yi, sawu goma sha biyu ke nan, kuma a irin wannan jigila ne ake manta folda ɗaya. Ga shi filashin da ya shiga tsohuwar kwamfuta sau da yawa da bairos yake fitowa, irin mai ɓoye foldoji ya bar maka gajerun hanyoyi na bogi. Duk wanda ya yi zamanin kafe ya san wannan bala'in.

Sai na tuna da wayar netwok. Kebul ɗin nan mai kai kamar na tsohuwar wayar tarho amma ya fi faɗi, wanda kuke gani a bayan kwamfutocin banki da cibiyoyin CBT. Kai ɗaya a bayan kwamfutar Baba, ɗaya kan a laftof ɗina. Shi ke nan, ba rauta, ba data, ba intanet. Da can sai ka nemi wani kebul na musamman mai juyayyun wayoyi kafin kwamfuta biyu su yi magana kai tsaye, amma yanzu mashigar da ke da gudun gigabit tana juya abin da kanta, kowane kebul na yau da kullum zai yi. Ku nemi wanda aka rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa. Yana kai mita 100 ba tare da matsala ba. In laftof ɗinka irin siririyar nan ce da ba ta da mashigar, akwai ɗan adafta da ake sawa a USB.

Bambancin gudu ba ƙarami ba ne. Tsohuwar mashiga mai megabit 100 tana kwashe kamar megabayit 11 zuwa 12 a daƙiƙa, wato giga 180 zai ci sama da awa huɗu. Mai gigabit tana iya ninka wannan kusan sau goma, in faifan ya iya bi. Ƙananan fayiloli masu yawa, irin hotuna, suna rage gudun sosai.

Yanzu ga inda na sha wahala, don kar ku ce na ce muku abu ne mai sauƙi kamar Xender. Na jona kebul, fitila ta kama tana ƙiftawa, amma laftof ba ta ga kowa ba. Dalili shi ne, a gidan da akwai rauta, ita ke raba wa kowace na'ura lambar adireshi. Nan babu mai rabawa, sai kowace ta jira kamar minti ɗaya ta ba kanta lamba mai farawa da 169.254. Wani lokaci hakan ma yana aiki, amma ni na fi son in san lambar da nake kira. Na shiga saitin katin netwok na kowace, na rubuta da hannu. Ta Baba na ba ta 192.168.10.1, tawa 192.168.10.2, layi na biyu kuma duka 255.255.255.0. Sauran gurabe na bar su fayau. Kamar gida biyu ne a layi ɗaya, lambobi ukun farko sunan layin, ta ƙarshe lambar gida.

Na biyu, Windows idan ba ta gane netwok ba, tana ɗaukar sa kamar na filin jirgi ko otal, ta rufe ƙofar raba fayil. Sai na shiga saitin rabawa a kwamfutar Baba na kunna raba fayil a ɓangaren netwok na jama'a. Na danna dama a kan foldar, na ce a raba ta, karantawa kawai. Na koma laftof, a sandar adireshi ta inda ake duba fayiloli na rubuta karkatattun sanduna biyu da lambar, haka: \\192.168.10.1

Ta tambaye ni suna da kalmar sirri. Na sa sunan Baba, na bar kalmar sirri ba komai tunda bai taɓa sawa ba. Ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Kusan rabin awa ina zargin kebul, har na fara shirin komawa shago. Ashe Windows tun asali ba ta yarda a shigo ta netwok da asusun da ba shi da kalmar sirri. Na sa masa ta wucin gadi, nan take foldoji suka bayyana. Ƙanwata da ke tsaye a kaina ta ce, "Yaya, dama abin da ya hana ka cin abinci ke nan?"

Wanda tasa ta fi tamu tsufa, mai Windows XP, ya saurara nan. XP, wadda tallafinta ya ƙare tun Afrilun 2014, ba ta jin kowane yare sai SMB ta ɗaya ɗin nan da na ambata, sababbin Windows kuma sun daina zuwa da ita a kunne tun wajen ƙarshen 2017. Za ka ga bidiyoyi suna cewa ka je ka kunna ta a sabuwar kwamfutarka. Ni ban ba ka shawara ba. In dole ce, kashe Wi-Fi, kunna, kwashe kayanka, ka kashe ta nan take. Abin da ya fi, ka kwance faifan daga tsohuwar ka sa shi a adaftan USB, sabuwar za ta gan shi kamar babban filashi. Windows 7 ba ta da wannan matsalar, tana jin sabon yaren.

Abu ɗaya da zan roƙe ku: kwafa za ku yi, kar ku yanke. Muna kusan kashi sittin aka ɗauke wuta. Laftof tana da batir, ta tebur kuwa ɗif ta mutu. Da yankewa nake yi, da yanzu ina zaune ina lissafin wane fayil ne ya tafi, wane ne ya rage, wane ne ya lalace a hanya. Da yake kwafa ce, da aka tada janareto na ci gaba, na ce ta tsallake waɗanda suka riga suka iso. Da aka gama na duba adadin fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu, suka yi daidai. Na kira Baba ya buɗe rubutunsa a laftof ɗina da idonsa, ya gangara har shafin ƙarshe. Sannan na sake kwafar rubutun da takardun gona a filashi, na kuma tura su Google Drive, don ba su kai giga ɗaya ba.

Sai yanzu muka iso tambayar da ƙanwata ta fara da ita: me za a ɗora mata?

Windows 11 ba ta shiga lissafi. Tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da RAM giga 4, da ma'ajiya giga 64, sannan a ɓangaren Intel sai ƙarni na takwas zuwa sama, wato na wajen 2017 da 2018. Ta Baba Core i3 ce ƙarni na uku. Na san akwai dabarar tsallake wannan bincike da Rufus, kuma yaran kasuwa sun iya ta. Tana aiki. Amma Microsoft da kanta ta ce ba ta ɗau alkawarin ci gaba da ba irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba. Ni in tawa ce ta wasa, zan gwada. Wadda zan bar wa dattijo da ɗaliba in yi tafiyata, a'a.

Windows 10 za ta zauna a kanta daram, sai dai ita ma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. An ba da ƙarin wa'adin gyaran tsaro na shekara guda ga masu amfani a gida, zuwa 13 ga Oktoba 2026, amma sai kana da lasisi na gaskiya ka kuma yi rajista. Ƙofar da ake bi da makullin Windows 7 a samu 10 kyauta kuma an rufe ta tun Satumban 2023. Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin Windows da ake ɗora mana a kasuwa fasasshiya ce, da wata 'yar manhaja ake yaudarar ta. Wanda ya rubuta 'yar manhajar nan ba ka san shi ba, kuma ka ba shi makullin gidan gaba ɗaya, har da inda kake shiga banki.

Na zaɓi Linux Mint. Na san da na ce Linux wasu sun fara hango baƙin allo da koren rubutu irin na fim. Ba haka take ba yanzu. Tana da maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, da foldoji, da agogo a dama, wanda ya saba da Windows 7 ba zai ɓata ba. Kyauta ce ta halal, ba sata ba. Jerin lamba 22 da ya fara fitowa a 2024 yana da gyaran tsaro har 2029. RAM giga 2 ma tana tashi, 4 ta fi daɗi. Na ɗauki nau'in Xfce don ya fi sauƙin nauyi. Saukewar kusan giga 3 ce, na bari sai dare na yi da datar dare, na rubuta ta a filashi da Rufus. Abin da ya fi burge ni, kana iya tada kwamfuta daga filashin ka gwada komai, sauti, intanet, firinta, ba tare da ta taɓa faifanka ba. Wannan ma wata hanyar ceton kaya ce ga wanda Windows ɗinsa ta ƙi tashi kwata-kwata.

Ban ɗora ta a kan tsohon faifan ba. Na sayi SSD mai giga 256, na zare wayar tsohon faifan gaba ɗaya don kar hannu ya kuskure, na ɗora Mint a sabon. In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, to SSD ɗin nan ka saya. Tsohon faifai ƙarfe ne ke juyawa ana bin sa da allura, shi kuwa SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. Kwamfutar da ke cin minti biyar yanzu kafin Baba ya gyara zaman tabarau ta tashi.

Akwai inda ta gaza, kuma dole in faɗa. CorelDRAW da Photoshop da Microsoft Office ba a yi su don Linux ba. Mai shagon buga katin biki, wannan shawarar ba taka ba ce. LibreOffice da ke zuwa a cikinta ya buɗe rubutun Baba, amma wasu teburori sun ɗan goce sai da na gyara. Shi dai ya ji daɗin abu ɗaya: akwai tsarin kibod na Hausa a ciki, yanzu yana rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƙugiyarsu, ba sai ya bi da biro bayan an buga ba.

Babbar matsalar ita ce ta wadda ta jawo aikin. Manhajar gwajin jarabawar da makarantarsu ta ba su ta Windows ce. Na gwada ta da Wine, wata gada da ke sa wasu manhajojin Windows su yi aiki a Linux, ta buɗe amma hotunan tambayoyin lissafi suka ƙi fitowa. Ƙanwata ta kalle ni ta ce, "To Yaya, an gyara wa Baba, ni fa?" Nan tsohon faifan da ban goge ba ya yi rana. Na mayar da wayarsa. Yanzu in ta kunna ta danna maɓallin zaɓen faifai, ta shiga Windows 7, inda na kashe katin netwok gaba ɗaya, ta yi gwajinta tunda manhajar ba ta buƙatar intanet. In za ta shiga intanet, sai ta sake kunnawa ta shiga Mint. Maɓallin ya danganta da kamfani, a wasu F12 ne, a wasu F9 ko Esc. Na rubuta mata a takarda na manna a jikin akwatin.

Kebul ɗin ma bai koma kwali ba. Na mayar da saitin adireshi ya koma karɓa da kansa, na cire rabawar da na buɗe, na jona kwamfutar da 'yar rautar gidan. Na sa LocalSend a kanta da wayoyin kowa, wata manhaja ce ta kyauta mai tura fayil tsakanin na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗaya. Abin ba ya fita waje, saboda haka ba ya cin data. Umma, wadda kullum wayarta ke kukan ta cika, yanzu duk Juma'a sai ta miƙo ta ce a juye mata bidiyoyin biki a kwamfutar Baba.

Shi kuwa Baba ya koma kan rubutunsa. Jiya ya ce in nemo masa hanyar da zai sa muryoyin dattawan nan a ciki, ashe hirarrakin suna nan a kaset goma sha ɗaya a cikin wata jaka a saman sif, wasu tun kafin a haife ni. Rediyon da ke cin kaset a gidan ya lalace, don haka wanda ke da mai aiki a cikin Kano, mai mashigar abin sauraro na kunne, ya yi mini magana a ƙasa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a kan juyar da kaset zuwa kwamfuta za mu zauna.